Ƙwaƙwalwa Tana da Kari, Amma Ba Irin Wanda Ake Tallatawa Ba

A zaunar da mutum a ɗaki mai duhu, a ce ya kafa ido a kan allon kwamfuta, a riƙa ƙyasta masa wani ɗan ɗigon haske mai rauni wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Hasken iri ɗaya ne kowane karo, wurinsa ɗaya, ƙarfinsa ɗaya. In an saita shi daidai bakin iyakar gani, mutumin zai ce ya gani a kusan rabin karon, a sauran rabin kuma ya rantse ba a nuna masa komai ba. Tunda hasken bai canja ba, to mai kallon ne yake canjawa. A 2009 rukunin masana biyu, ɗaya a Tuluz ta Faransa ƙarƙashin Rufin VanRullen, ɗaya a jihar Illinois ta Amurka, suka duba abin da ƙwaƙwalwar mai kallon take ciki dab da isowar hasken. Kowannensu ya tarar da abu kusan ɗaya. Akwai wata igiyar lantarki da ke tashi da sauka sau 7 zuwa 10 a kowane sakan, kuma inda hasken ya riski wannan igiya, a tashinta ko a saukarta, yana ɗan ƙara ko rage yiwuwar a gan shi.

Wannan igiya tsohuwar sananniya ce. Richard Caton ya fara ganin motsin lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai a Ingila tun 1875, amma wanda ya fara ɗaukarsa daga kan ɗan Adam shi ne Hans Berger, likitan taɓin hankali a birnin Jena na Jamus, a 1924. Abin da ya ja shi ga aikin ma abin mamaki ne. Yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi, ya tsallake rijiya da baya, kuma a ranar 'yar'uwarsa da ke can nesa ta ji a jikinta cewa wani abu ya same shi har ta sa mahaifinsu ya aika masa da telegiram. Berger ya shafe rayuwarsa yana neman hanyar da tunani ke bi ya isa ga wani mutum. Bai same ta ba. Abin da ya samu shi ne na'urar da yau ake kira EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai. Sai a 1929 ya yi ƙarfin halin wallafa sakamakonsa, kuma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba har 1934, lokacin da Edgar Adrian da Brian Matthews suka maimaita gwajin a Kambirij suka tabbatar. Abin da Berger ya gani mai sauƙin faɗi ne: mutum ya rufe ido ya natsu, sai igiya mai bugu kusan 10 a sakan ta bayyana fili a wajen ƙeya. Ya buɗe ido ko ya fara lissafi a zuci, sai ta dushe. Ya sa mata suna alfa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san me na'urar take ji. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma lantarkin ƙwaya ɗaya ba zai taɓa ratsa ƙoƙon kai ya iso fata ba. Abin da ke isowa shi ne jimillar ɗan sauyin lantarki na dubban ƙwayoyi a ɓawon ƙwaƙwalwa, waɗanda suke jere suna fuskantar gefe ɗaya, kuma ko shi ɗin bai wuce 'yan gomomin kashi cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Kamar mutum ne a bayan katanga yana sauraron babban taro. In kowa na surutunsa, guna-guni kawai zai ji. In suka haɗa baki suna amshi ɗaya, sai ya ji da ƙarfi, ko da kuwa ba wanda ya ɗaga murya fiye da da. Saboda haka girman igiya a kan takardar EEG ba ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana aiki tuƙuru. Haɗin bakin ƙwayoyin yake nunawa. Shi ya sa manyan igiyoyi suke fitowa a barci mai nauyi da lokacin farfaɗiya, mai warware lissafi mai wuya kuwa igiyoyinsa ƙanana ne birkitattu.

To me ke sa su haɗa baki? Galibi hani ne. A cikin ɓawon ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu zuga na kusa da su, akwai kuma masu tsawatarwa. Masu zuga suka yi harbi, wato suka saki saƙon lantarki, sai su tayar da masu tsawatarwa, su kuma su yi wa unguwar duka shiru na ɗan lokaci. Tsawar ta lafa, sai masu zuga su sake harbi tare, domin tare aka sake su. Tsawon lokacin da tsawar take ɗauka kafin ta lafa shi ne ke yanke saurin karin. A 2009 an nuna haka kai tsaye a ɓeraye: aka kunna wani nau'in ƙwayoyi masu tsawatarwa da haske, sai igiya mai bugu kusan 40 a sakan ta tashi. Igiyoyi masu jinkiri kuma sukan fito ne daga kai-komo tsakanin ɓawon da wani sashe na can ciki mai suna talamus, wanda yawancin saƙon gani da ji ke bi ta cikinsa. Ma'anar wannan ita ce, a kowane zagaye akwai ɗan lokacin da ƙwaya take a shirye ta amsa saƙo, da lokacin da take a danne. Duk maganar dangantakar kari da gani ko ji ko motsi daga nan ta samo tushe.

Sunayen da aka raba wa igiyoyin sanannu ne: delta ƙasa da bugu 4 a sakan, teta 4 zuwa 8, alfa 8 zuwa 13, beta 13 zuwa 30, gamma sama da 30. Iyakokin mutane ne suka shata su don sauƙin aiki. Matsalar ita ce yadda aka mayar da su tambarin yanayin zuciya, a ce alfa natsuwa, teta ƙirƙira, beta damuwa, gamma basira. Wannan rabo bai da tushe mai ƙwari. Duk igiyoyin suna nan a lokaci ɗaya a sassa daban-daban, kuma bugu 10 a sakan a ƙeya aikinsa daban da bugu 10 a sakan a sashen da ke sarrafa hannu.

Alfa ce ta fi nuna wannan. Shekaru da dama ana ɗaukarta alamar zaman banza, tunda tana fitowa ne in ido ya rufe. Sai gwaje-gwajen maida hankali suka ɓata lissafin. A ce wa mutum ya kafa ido a tsakiyar allo amma ya sa hankalinsa a gefen hagu, domin can abin zai ɓullo. Abin da ke hagu ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa shi. Tun kafin komai ya bayyana, alfa takan ragu a ɓarin dama, ta ƙaru a ɓarin hagu, wato wanda ke kula da gefen da aka ce a yi watsi da shi. Michael Worden da abokan aikinsa sun nuna haka a 2000, kuma an maimaita shi sau da yawa. Daga nan Wolfgang Klimesch, sannan Ole Jensen da Ali Mazaheri, suka kawo fassarar da ta fi karɓuwa a yau: alfa hanya ce ta toshe sashen da ba a buƙata don kada ya dami wanda ke aiki. A 2010 Vincenzo Romei da Gregor Thut suka gwada ko alfar ce da kanta ke haddasa hakan, suka buga wa ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa maganaɗisu sau 10 a sakan, sai ganin abin da ke ɗaya gefen ya ragu. Bugu 5 ko 20 bai yi haka ba.

Akwai wani ƙarin bayani da na ga ya fi duk sauran daɗi, domin ya gyara fahimtar da kowa ya yi saurin ɗauka. An lura cewa in alfa ta yi ƙasa mutum ya fi cewa ya ga hasken nan mai rauni, sai aka ce ai ganinsa ne ya ƙara kaifi. A 2017 Luca Iemi da Niko Busch suka ƙirga har da karon da ba a nuna komai ba. Suka tarar cewa in alfa ta yi ƙasa, mutum ya fi cewa "na gani" ko akwai haske ko babu. Ashe ƙwarewar rarrabewa ba ta ƙaru ba. Ƙwayoyin ne suka zama masu saurin tashi, har motsin da ke cikinsu kawai ya isa ya yi kama da haske. Wannan ya shafi duk wani aiki da ake zuba ido ana jiran abu mai wuyar gani, domin mai saurin cewa ya gani ba lallai ne ya fi kowa ido ba.

Daga nan sai tambaya mai girma ta taso: shin gani yana gudana ne ba yankewa, ko kuwa gutsure-gutsure yake zuwa, kowane zagayen alfa da nasa? In gutsure ne, to abubuwa biyu da suka faɗo cikin zagaye ɗaya ya kamata su narke su zama ɗaya. Saurin alfa ya bambanta tsakanin mutane, wani 9 a sakan, wani 11. A 2015 Jason Samaha da Bradley Postle suka ruwaito cewa masu alfa mai sauri sun fi iya rarrabe walƙiya biyu da suka biyo juna kurkusa. A shekarar kuma wasu a Ingila suka yi amfani da wani ruɗin ido sananne, inda ake nuna walƙiya ɗaya tare da ƙara biyu a jere, sai mutum ya ga walƙiya biyu muddin tazarar ƙarar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Suka ce faɗin wannan tazara yana bin saurin alfar mutum. Labari ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa. A 2022 Steffen Buergers da Uta Noppeney suka sake gwadawa da tsauraran matakai da gwaji mai ɗimbin yawa, ba su ga wannan dangantaka ba. Hatta sakamakon 2009 da muka fara da shi, wani rukuni a Sifen ya sake bin sawunsa a 2019 da tsarin da aka rattaba tun kafin a fara, bai same shi ba, ko da yake wasu sun samu. A ganina abin da za a iya riƙewa shi ne, yawan alfa a wani sashe yana da tasiri tabbatacce a kan abin da mutum zai ce ya gani, tasirin tashi da saukarta kuwa ƙarami ne kuma yana son yanayi na musamman, maganar cewa gani gutsure-gutsure ne kuma har yanzu hasashe ce.

A wajen ji, abin ya fi sauƙin fahimta saboda magana kanta tana da kari. A harsuna daban-daban da aka auna, ƙarfin murya yana tashi da sauka kusan sau 4 zuwa 5 a sakan, daidai da zuwan gaɓoɓin kalma. Sashen ji na ƙwaƙwalwa yana bin wannan tashi da sauka, kuma in mutum biyu suna magana lokaci ɗaya, ya fi bin muryar wanda aka sa wa kunne. David Poeppel da Anne-Lise Giraud suna ganin da haka ne ƙwaƙwalwa take yanka magana gaɓa-gaɓa, tana daidaita lokacin shirinta da lokacin da gaɓa za ta iso. Masu ja da su suna cewa duk ƙarar da ta zo dole ta tayar da amsa, kuma jerin amsoshi sau 5 a sakan zai yi kama da igiya ko da babu wata igiya da ke jira tun farko. Rarrabe waɗannan biyun ya fi wuya fiye da yadda ake zato.

Gamma ta sha irin wannan gardama fiye da kowa. A 1989 Charles Gray da Wolf Singer a Frankfurt suka ga ƙwayoyin gani na kyanwa, waɗanda ke nesa da juna, suna harbi tare kusan sau 40 a sakan in abu guda suke kallo. Aka yi murna cewa an gano yadda ƙwaƙwalwa take ɗaure launi da siffa da motsi su zama abu ɗaya a ido, wasu ma har suka danganta shi da asalin sanin kai. Daga baya aka ga cewa saurin gamma yana canjawa da ƙarfin hoton, kuma tana fitowa sosai ga zane mai ratsi-ratsi amma ta yi rauni ga hotuna da yawa waɗanda mutum ke gani sarai. Sannan a 2008 Shlomit Yuval-Greenberg ta nuna cewa wani kaso na abin da ake auna a fatar kai ana kiransa gamma, lantarkin tsokar ido ne lokacin da take ɗan zillo da mutum bai ma san yana yi ba. Tsokar goshi da ta muƙamuƙi su ma suna zuba nasu a wannan zango. Ra'ayin Pascal Fries na 2005, cewa sassa biyu sun fi jin juna in lokacin shirinsu ya dace, yana nan da magoya baya da hujjoji daga birai, amma tsugune ba ta ƙare ba.

Duk wannan ya dawo kan tambaya ɗaya: igiyar ce ke haddasa abin, ko kuwa alama ce kawai ta aikin da ake yi a ƙasa? Ruwa ba ya tsami banza, amma ganin abu biyu tare bai isa hujja ba. Hanyar ganewa ita ce a taɓa igiyar kaɗai a ga ko hali zai canja, kuma inda aka fi yin haka da kyau shi ne barci. A sashen hifokamfus, wanda ke riƙe sabon abin da aka koya, akwai wata 'yar gajeruwar girgiza mai bugu 150 zuwa 250 a sakan da ke zuwa lokacin barci ko hutu. A cikinta ƙwayoyin da suka yi harbi a jere lokacin da ɓera ke bin wata hanya sukan maimaita jerin cikin gaggawa. A 2009 Gabrielle Girardeau da abokan aikinta suka riƙa katse wannan girgiza da ɗan lantarki duk lokacin da ta taso bayan an horar da ɓeraye. Barcinsu bai lalace ba, amma koyonsu ya ja baya. Waɗanda aka ba irin wannan lantarki a lokacin da ba na girgizar ba, ba abin da ya same su. A mutane kuma, rukunin Jan Born a Jamus ya nuna a 2013 cewa 'yar ƙara mai laushi da aka saka daidai tashin igiyar barci mai nauyi ta ƙara yawan kalmomin da aka tuna da safe, wadda aka saka a saɓanin lokacin kuwa ba ta yi ba. Gwaje-gwajen baya ba duka suka sami wannan riba ba.

Sai dai jemage ya zo ya dagula lissafi. A ɓera, teta tana kaɗawa ba fasawa in yana tafiya, kuma John O'Keefe da Michael Recce sun nuna a 1993 cewa lokacin da ƙwayar wuri, wato ƙwayar hifokamfus mai harbi in dabba ta iso wani takamaiman wuri, take harbi a cikin zagayen teta yana faɗin inda ɓeran ya kai. An gina bayanai da yawa a kan cewa sanin wuri ba ya yiwuwa sai da wannan kari. Rukunin Nachum Ulanovsky a Isra'ila ya auna jemagu ya tarar suna da ƙwayoyin wuri lafiya lau ba tare da teta mai ɗorewa ba. Wato abin da ya zama dole shi ne ƙwayoyi su daidaita lokacinsu da juna, kari mai tsayayyen bugu kuwa hanya ɗaya ce cikin hanyoyin yin haka.

A asibiti ne hujja ta fi ƙarfi. Beta a sashen motsi takan ragu dab da mutum zai motsa, ko da tunanin motsin kawai ya yi, ta dawo bayan ya gama. A kan wannan raguwa aka gina wasu na'urorin da shanyayye ke sarrafa kwamfuta da tunani. A cutar Parkinson beta takan yi yawa a wasu cibiyoyi na can cikin ƙwaƙwalwa, tana zuwa da dogayen zango, kuma yawanta yana tafiya da sanƙarewar jiki da nauyin motsi, ko da yake ba ya bin karkarwar. Maganin levodopa yana rage ta, siririyar wayar da ake dasawa a ƙwaƙwalwa tana ba da lantarki ita ma haka. A 2013 Simon Little da Peter Brown a Oksfod suka gwada a marasa lafiya 8 wata na'ura da ke sauraron beta, ta kunna lantarki sai in ta haura. Lokacin ba da lantarkin ya ragu da fiye da rabi, motsi kuma ya fi kyau. A Fabrairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura ta kamfanin Medtronic. Farfaɗiya ma haka take. Tun 1935 Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka bayyana igiyar nan mai bugu 3 a sakan da ke mamaye kan yaro ya yi tsuru na 'yan sakanni, a kira shi bai ji ba, sannan ya ci gaba da abin da yake kamar ba a yi ba. Haske mai walƙiya yana iya jan ƙwaƙwalwa mai saurin kamuwa cikin irin wannan haɗin baki, kamar yadda ya faru a Japan a Disamban 1997, lokacin da wani shirin zane a talabijin ya walƙa ja da shuɗi sau 12 a sakan aka kai yara fiye da 600 asibiti, ko da yake ba dukansu ne suka yi farfaɗiya ba.

In aka ajiye wannan kusa da abin da ake sayarwa a intanet, tazarar tana da faɗi. Sautin da ake cewa a sa a kunne biyu don "shiga alfa" ya dogara ne da wani abu da Heinrich Dove ya bayyana tun 1839: kunne ɗaya ya ji bugu 400, ɗaya 410, sai mutum ya ji kamar ana kaɗawa sau 10. Jin kaɗawar gaskiya ne, amma gwaje-gwajen EEG ba su daidaita a kan cewa yana jan ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa wannan kari ba. Lantarki mai rauni da ake sawa ta fatar kai shi ma yana da cikas, domin aunin da rukunin György Buzsáki da Antal Berényi suka wallafa a 2018 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 yana salwanta a fata da ƙashi kafin ya isa. Horon da ake yi wa mutum ya riƙa kallon igiyoyinsa yana ƙoƙarin juya su, wanda Joe Kamiya ya yi wa shimfiɗa a shekarun 1960, yakan sa masu matsalar maida hankali su ji sauƙi. Amma a gwaje-gwajen da aka ɓoye wa kowa wanda ke samun na gaske, waɗanda aka nuna wa igiyoyin bogi su ma sun ji sauƙi kusan daidai da sauran. Hasken nan mai walƙiya sau 40 a sakan, wanda rukunin Li-Huei Tsai na jami'ar MIT a Amurka ya ruwaito a 2016 cewa ya rage daskararren furotin na cutar mantuwa ta Alzheimer a ɓeraye, ɗakin binciken Buzsáki ya gwada a 2023 bai ga raguwar ba, bai kuma ga hasken ya ratsa zuwa hifokamfus yadda ake zato ba. Maɗaurin kai da ake sayarwa don auna natsuwa kuwa, yawancinsu a goshi suke zama, inda ɗaure fuska ko ƙifta ido ke ba da lantarkin da ya ninka na ƙwaƙwalwa sau da yawa, alhali alfar da Berger ya gani a ƙeya ta fi ƙarfi.